Kujerar da ke Hagun Lola

Ku da kuka ishe ni da saƙo wai in daina ja muku rai in faɗi yadda aka kwashe da Efren, to ku gyara zama. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga inda muke. Sunana Luningning, amma Ning ake ce mini, sai na yi laifi ake kiran sunan gaba ɗayansa. A Las Vegas nake zaune da mahaifiyata, wadda muke kira Nanay, da kakata Lola Meding. Efren kuwa shi ne mutumin da ya durƙusa a gabana a wurin ajiye motoci, rigar kicin a jikinsa tana ta ƙamshin albasa, ya ce in aure shi, alhali ko shekara ba mu rufa da haɗuwa ba. A zuciyata tun kafin ya rufe baki na amsa. Da baki kuwa ce masa na yi ya bari in ji ta bakin Nanay.

Ta bakin Nanay ba ta yi daɗi ba.

"Mai girki ne a otal, na ji, sana'a ce," ta ce tana guge rigar aikinta ta asibiti, ko kallona ba ta yi. "Yana zuwa coci, shi ma na ji. Amma an ce mini yana buga injin caca."

"Nanay, wa ye ba ya buga inji a garin nan? Ita kanta Lola..."

"Kar ki saka mini uwa a ciki. Uwata wasa take yi. 'Yar'uwata, Tita Nenet ɗinki, da idonta ta gan shi, inji biyu a lokaci guda, hannu nan hannu can. Na san irin hannun nan, Luningning. Na zauna da mai shi."

Babana take nufi. Ba zan yi dogon bayani a kansa ba, ya isa ku san cewa ina ƙarama ya tafi, kuma kafin ya tafi motar gidan ta riga shi.

To a gidanmu akwai wata al'ada da ban taɓa jin irinta a gidan kowa ba. Duk namijin da ya zo neman 'yar gidan, ba a tsare shi da tambayar albashi ko ta dangi. Ranar Laraba ake ba shi, ya je ya zauna kusa da Lola ya buga karta a inji, ita kuma ta kalli hannunsa. Mijin Tita Nenet ya je ya ci, har gobe yana fahariya da abin. Babana ya je ya faɗi, Nanay ta toshe kunne ta aure shi. Tun daga nan ba ta sake musu da hukuncin uwarta ba.

"In Lola ta ce eh, na ce eh," ta ce, ta ajiye dutsen guga. "In ta ce a'a, kar ki ƙara kawo mini zancen."

Na san akwai masu cewa ai ke ba yarinya ba ce, kina aikinki, je ki yi aurenki mana. Ku ba ku ga matar nan tana haɗa aikin dare da na rana don in yi karatu ba. Ni dai ba na son bikin da kujerar uwata za ta zauna ba kowa a kai, iyakar maganar ke nan.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba, wasan ba wuya. Ya jera maka kati biyar a gilashi, ka danna ka riƙe waɗanda kake so, ka danna babban maɓalli ya canza maka sauran. Sau ɗaya tak, babu a sake. In abin da ya rage a hannunka ya haɗu, a biya ka, in bai haɗu ba ka yi gaba. A kan wannan ɗan abin mutanen garinmu suka rabu gida biyu. Akwai masu cewa ka yi ta bugawa da sauri, yawan bugu ke kawo babban hannu, ga makin da gidan cacar ke tara maka a ba ka abinci kyauta. Akwai kuma masu cewa kowane kati ka riƙe bisa kuskure, da kanka ka buɗe aljihunka. Efren shugaban na farkon ne. Lola kuwa, in ana naɗa sarauta a na biyun, da tuni an naɗa ta. Ma'aikatan wurin ma sun sani, ba a taɓa ganin ta riƙe katin da bai kamata ba.

Daren Talata na yi ta tura masa saƙo.

"Don Allah gobe a hankali."

"Ni ne a hankali ai 😎"

"Efren ba wasa nake ba. Inji ɗaya. Hannu ɗaya. Ka ƙirga uku kafin ka danna."

"Uku? Ning, kafin uku na soya ƙwai na juye."

"In ka faɗi, ƙwan za ka aura."

Ya turo mini hoton fuskarsa ya marairaice, ga hular kicin a karkace. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Laraba da safe na tarar Lola ta riga ni shiri, kamar kullum. Riga shunayya mai fararen furanni, 'yar suwaita a kafaɗa saboda sanyin da suke sakewa a wurin, 'yan kunnen da marigayi mijinta, Lolo Gardo, ya saya mata, jan baki ɗan kaɗan. A jakarta akwai carbinta, alewar citta, da dala ashirin a ninke. Abin da take fita da shi ke nan, ranar da ya ƙare da wuri mu dawo da wuri. Na lura jan bakin ya ɗan haura leɓe ta gefe guda, na sa yatsa na goge mata, ban kawo komai a raina ba.

Nanay na bakin ƙofa riƙe da kofin shayi. "Ki kula mini da ita," ta ce da ni. Ta juya ga Lola. "Ke kuma kin san sharaɗinmu. Ranar da na ga jikin ya fara gazawa, Laraba ta ƙare."

"Kin ƙwace mini makullin mota, yanzu kuma Larabar kike hari," in ji Lola. "Matsa mini, Perla, kin tare hanya."

Laraba ita ce abin da ya rage wa Lola. Ƙawayenta na coci rabi sun rasu, rabi 'ya'yansu sun kwashe su zuwa wasu garuruwa. A ɗan gidan wasan unguwarmu, wanda ba baƙi ke zuwa ba sai tsofaffi da ma'aikatan da suka tashi daga aiki, akwai layin inji masu araha, na santi biyar-biyar na dala, kusa da tagar wurin cin abinci. Nan suka yi shekara da shekaru ita da Lolo, ita a tsakiya shi a hagunta. Tun da ya rasu jakarta take ɗorawa a kujerarsa. Ni kaina ban taɓa zama a kai ba, a dama nake zama in yi ta danna waya har ta gama.

Mun tarar da Efren a ƙofar shiga, ya sha farar riga mai dogon hannu a wannan zafin, gashi ya sha mai, hannunsa riƙe da kwalin burodin kwakwa. Ya sunkuya ya kama hannun Lola ya kai goshinsa.

"Allah ya yi maka albarka, iho," ta ce, wato ɗana. "Kai ne mai hannu huɗun?"

"Biyu ne, Lola. Sharrin mutane ne."

"Za mu gani."

Ta nuna masa kujerar dama, ta ɗora jaka a ta hagu, ta zauna a tsakiya. Ni aka bar ni a tsaye a bayansu.

Jama'a, na rantse muku ya yi ƙoƙari. Hannu na farko ya ƙirga ukun, ina ganin leɓensa na motsi. Na biyu ma haka. Kafin a jima sai yatsun suka manta da ni da gargaɗina, suka koma halinsu. Tas-tas-tas, danna, tas-tas, danna, kamar yana yanka albasa ana jiran oda. Katin bai gama bayyana ba ya riƙe ya canza. Na zungure shi a baya, ya rage, ya sake ɗauka. Can sai ga sarakuna biyu sun fito masa, ya riƙe ɗaya, yatsan ya zame daga ɗayan, ya danna babban maɓalli. Sarki ya tafi.

"Kash!" ya ce, ya dafe kai.

"Me ka zubar?" in ji Lola, idonta na kan nata gilashin.

"Sarki ne, Lola. Amma irin wannan sau ɗaya ne a ɗari. Saurin yana mayar da shi."

"Wa ya gaya maka?"

"Lissafi ne. In na buga hannu uku kafin wani ya buga ɗaya, ni babban hannu zai fara samu. Ga maki, a makin nan nake ciyar da abokaina ranar Lahadi."

"Iho, ni da kai duk gidan nan ne zai cinye mu. Ni dai a hankali yake cin nawa, ina shan alewata. Kai kuwa da gudu kake kai musu, har kana zubar da wani a hanya. Injin ba inda za shi. Kati biyar ne, ka gaisa da kowanne."

Haka take yi kuwa. Takan ɗora yatsa a gilashi ta taɓa kati ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, sannan ta riƙe. Na tsaya ina kallon yatsan nan mai zoben aure, ina ji a jikina cewa shi ke nan, Efren ya faɗi, sai in fara tunanin yadda zan yi da raina. Idona ya ciko. Don kar ya gani na mayar da kallona kan gilashin Lola, abin da rabona da yi har na manta.

Kati biyar jajaye suka fito mata. Huɗu masu zuciya, ɗaya mai daimon. Ko ni da ban iya ba na san abin yi, ka riƙe huɗun ka jefar da baƙon, ko Allah zai kawo na biyar. Lola ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ta yi ɗan murmushi, ta riƙe duka biyar ɗin, ta danna. Injin ya yi shiru, bai biya komai ba.

Ta ɗan tsaya. Ta matso da fuska kusa da gilashin, ta ja baya. "Injin nan yau da rowa ya tashi," ta ce a hankali.

Na ce a raina kuskure ne, kowa na yi. Ba a jima ba ta riƙe shida da takwas, ta zubar da sauran, ina ji tana cewa "biyu iri ɗaya" ƙasa-ƙasa. Gabana ya faɗi. Sai jan bakin safe ya dawo mini, da yadda kwanan nan take cewa in karanta mata saƙon waya wai rubutun ya yi ƙanana, da yadda ta daina zura zare a allura ta ce ɗinkin ne ya gundure ta. Lola ba ta gani sosai, kuma ba wanda ta gaya wa.

Sai a lokacin na lura tas-tas ɗin dama ya tsaya. Efren ya ɗora hannuwansa a cinya, kansa na fuskantar injinsa, amma ta wutsiyar ido gilashin Lola yake kallo. Ya ɗago muka haɗa ido. Na girgiza masa kai kaɗan, ina roƙonsa da ido kar ya ce komai. Na san bakinsa, yadda hannunsa yake haka yake, magana na fita kafin ya auna ta.

Ya danna ya cire takardar kuɗinsa daga injin, ya ninke ya sa a aljihu. Ya juyo da kujerarsa.

"Lola, na sallama. Ku koya mini."

"Yanzu ka gama yi mini lissafi."

"Lissafin ya zubar mini da sarki. Matsalata idona ba ya tsayawa a kan kati, tsalle yake. Ku bari in riƙa faɗin naku da baki, ɗaya bayan ɗaya, ku kuma ku riƙe ina kallo. In na faɗa da baki dole in tsaya."

Lola ta buɗe jaka. Ta ɗauko alewar citta ta ɓare a nutse, ta sa a baki, ta ninke takardar ƙanana-ƙanana. Matar nan ba a yi mata wayo, ta haifi Nanay fa.

"Fara," ta ce.

Kati suka fito. "Bakwai-zuciya-sarauniya-daimon-uku..."

Ɗas! Ta make masa bayan hannu. "Ana koran ka ne? Ɗaya. Ka numfasa. Sannan na gaba."

"Bakwai, mai zuciya." Ya numfasa har ina jin sa. "Sarauniya, mai daimon."

Yatsanta na bin muryarsa a gilashin. Yana gama na biyar ta riƙe abin da ya kamata ba tare da ko ɗar ba, don kan nan nata garau yake. Suka yi hannu na biyu, na uku. Duk sanda ya fara ɗaukar gudu sai ka ji ɗas, ya ce "afuwa, Lola," ya koma. Wata tsohuwa a layin baya har ta juyo tana dariya, ta ce Meding ta samu ɗan makaranta. Ina kallon ƙafarsa a ƙasa tana rawa, duk saurin da ya hana hannunsa can ya gangara. Mutumin da ko layin biyan kuɗi ba ya iya tsayawa, ga shi yana kiran kati kamar mai koya wa yaro karatu, kuma ko sau ɗaya bai ce mata ga abin da za ta riƙe ba.

Can sai jajaye biyar suka sake fitowa.

"Huɗu, mai zuciya. Tara, mai zuciya. Biyu, mai zuciya." Ya numfasa. "Goma, mai daimon. Sarki, mai zuciya."

Bai ɗaga murya a kan na huɗun ba, bai kalle ta ba. Yatsan Lola ya tsaya a kan goman, ya ɗan jima. Sannan ta riƙe huɗun, ta jefar da shi, ta danna. Baƙin kati ya fito, ba ta ci komai ba.

"Kash, saura kaɗan," in ji Efren.

"Ba kash," ta ce, fuskarta ta washe yadda rabona da gani tun Lolo na da rai. "Daidai muka buga. Abin da ya fito kuma ba namu ba ne."

Ta gyara suwaita, ta miƙa hannu ta ɗauke jakarta daga kujerar hagu, ta miƙo mini baya ba tare da ta waiwayo ba.

"Riƙe mini, apo, jikata. Kai kuma dawo nan ɓangaren, wannan kunnen ya fi ji."

Efren bai san kujerar wa ce ba, ban taɓa gaya masa ba. Ya tashi ya zagaya ya zauna abinsa, ya ci gaba da kiran kati. Ni ce na rungume jaka na juya baya, na yi kamar ina karanta allon abincin ranar, hawaye na zuba. Kunnen Lola duka biyun lafiyarsu ƙalau, ta ɗaki tana jin wanda ya buɗe firji.

Da azahar ya raka mu mota, ya sake kai hannunta goshinsa, ya ruga don aikin yamma yake. A hanya Lola ba ta ce uffan a kan abin da ya faru ba, sai ƙorafin wai burodin kwakwar sukari ya yi masa yawa, tana ci tana faɗa. Muna tsaye a danja wayata ta yi ƙara.

"Na faɗi ko? A gabanta na zubar da sarki 😭"

Kafin in amsa wani saƙon ya shigo.

"Ning. Idonta."

"Na gani," na rubuta.

"Ba zan gaya wa kowa ba. Ita ke da maganar. Amma a kai ta a duba, don Allah."

Na kifa wayar a cinya. A rukunin hirar gidanmu na waya kuwa Tita Nenet ta cika wuri: "Yaya?" "Ya ci?" "Ning kin yi shiru." "Ina hanya, a ajiye mini taliyar pansit."

Mun tarar da Nanay da Tita Nenet a teburin cin abinci, Nanay ta dafa naman adobo da taliyar pansit kamar ranar biki, amma fuskarta ba ta biki ba ce. Ta sa rigar gida ruwan ganye, ta ɗaure gashi tamau. Sai da Lola ta wanke hannu, ta zauna, ta yi addu'a, ta ci loma biyu, sannan Nanay ta kasa haƙuri.

"To?"

"Yaron yana da sauri," in ji Lola. "Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ya fi na mijinki."

Tita Nenet ta ce "Hmm!" ta kalle ni da tausayi.

"Ya zubar da sarki a gabana, ya kuma ce mini lissafi ne."

Nanay ta ajiye cokali. "Kin ji da kunnenki, Luningning. Ba ni na faɗa ba."

Maganar tana bakina, Allah ya sani. In na faɗi abin da ya yi, na wanke shi. Amma ba yadda zan faɗa ba tare da na faɗi dalilin da ya sa ya yi ba, kuma ina faɗa Larabar Lola ta tafi. Na kalli tsohuwar nan da 'yan kunnenta da rigarta shunayya, na haɗiye. Na sunkuyar da kai ina juya taliya a faranti.

"Ban gama ba," in ji Lola. "Perla, rigar nan ta jikinki, mai furanni ce ko marar furanni?"

Nanay ta kalli rigarta. "Wace irin tambaya ce wannan? Ke kika saya mini ita."

"Na san kore ce. Furannin ne ba na gani. Tun wajen bikin Ista nake ganin abu kamar ta bayan labule. Yau na riƙe daimon a cikin zuciya, ni Meding, na riƙe shida da takwas na ce biyu ne iri ɗaya."

"Lola..." na ce.

"Yi shiru, apo, na san kin gani. Shi ma ya gani. Ya tashi daga injinsa ya ce wai in koya masa, shi zai riƙa kira mini kati don idonsa ya saba tsayawa." Ta yi 'yar dariya. "Ƙarya ko iya ta bai yi ba. Ya zauna yana kira mini su ɗaya-ɗaya har azahar, ƙafarsa na rawa kamar zai tashi sama, ina make shi yana ba ni haƙuri. Bai gyara mini hannu ko ɗaya ba, bai bari ko ta layin baya ta gane ba. Mijinki, Perla, ranar da na kai shi, na ƙware da alewa ina tari a gefensa, bai ɗago ba sai da ya gama hannunsa. Ba saurinsa na ƙi ba. Wannan ma yana da sauri, amma ya ga wanda ke kusa da shi ya tsaya. Na ce eh."

Tita Nenet ta rufe baki da hannu. Nanay kuwa ba maganar Efren ce ta fara shiga kunnenta ba.

"Tun Ista?" in ji ta. "Ina aikin asibiti, uwata na makancewa a gidana tun Ista, ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya miki me za ki ce?"

"Kin san abin da zan ce!"

"Na sani. Laraba ta ƙare." Lola ta ɗauki cokalinta. "Tun a mota na san abin da maganar za ta ci mini. Ba zan bar yarinyar nan ta rasa miji don in ci gaba da zama gaban inji ba. Miƙo mini ruwa."

Na tashi na zagaya na rungume ta ta baya, na sa fuska a suwaitarta mai ƙamshin citta, na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa. Tana bubbuga mini hannu tana cewa in bari, zan jiƙa mata riga.

Nanay ta daɗe tana kallon uwarta. Ta share ido da bayan hannu, ta miƙo mini tafin hannunta.

"Ba ni wayarki."

"Nanay, yana wurin aiki..."

"Luningning."

Na ba ta. Ta nemo sunansa, ta ga zuciyoyin da na jera a gabansa, ta harare ni, ta danna kira. Bugu ɗaya ya ɗauka, muna jin ƙarar tukwane da muryarsa tana rige-rige kamar kullum: "Ning ya aka yi me ta ce na faɗi ko gaya mini kawai zan iya ɗauka..."

"Ba Ning ba ce, uwarta ce," in ji Nanay. "Ka numfasa."

Tukwanen ma kamar sun yi shiru.

"Gobe zan kai uwata wurin likitan ido. Wannan nawa ne." Ta kalli Lola, wadda ta tsayar da cokali a iska. "Kai kuma, Laraba da safe kana aiki?"

Ban ji amsarsa ba, don ta miƙe da wayar a kunne ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Tita Nenet ta lallaɓa za ta kasa kunne, Lola ta ce ta dawo ta zauna. Sannan ta laluba ta kamo hannuna, ta matse.

"Gaya mini, apo," ta ce ƙasa-ƙasa. "Yaron nan, kyakkyawa ne kuwa? Ni muryarsa kawai na gani."